Aisoma a Hausance: dalilin da ya sa na tsaya a kan "takwarorin ƙulli"

Malamai da ɗalibai masu bin wannan magana, Allah ya ƙara basira. Shawarwari sun taru a kan sunan da za mu ba aisoma da Hausa, wato sinadarai dabam-dabam masu atam iri ɗaya kuma adadi ɗaya amma haɗuwarsu ta bambanta, musamman nau'in da ɗaliban sakandare ke fara cin karo da shi a kimiyyar sinadarai masu kabon, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a auna kowace kalma da nauyin da ake so ta ɗauka. Ma'aunina guda ɗaya ne: idan aka rubuta wa ɗalibi C4H10 a allo aka ce ya zana duk sinadaran da za su iya fitowa daga ciki, wace kalma ce za ta taimaka masa ya kai ga amsa daidai, wace ce kuma za ta karkatar da shi?

Kafin a zaɓi suna, sai a san mai sunan. Fomular C4H10 ƙidaya ce kawai: atam huɗu na kabon, goma na haidurojin. Ba ta faɗi wane atam ne ke ƙulle da wane ba. Kowane kabon yana yin ƙulli huɗu, kowane haidurojin yana yin ɗaya, kuma da wannan ƙa'ida hanya biyu ce kacal ake iya haɗa atam goma sha huɗun nan. Ko dai a jera kabon huɗun a sarƙa guda, a sami butan, ko kuwa a jera uku a ƙulla na huɗun a jikin na tsakiya, a sami 2-metilpropan, wanda aka fi sani da aisobutan. Nauyin molekul ɗinsu, wato dunƙulen atam ɗin da suka ƙullu, ɗaya ne, ƙidayarsu ɗaya ce, amma butan yana tafasa a wajen rabin digiri ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa aisobutan sai a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Mai karatun Hausa ya san irin wannan a rubutunsa na yau da kullum, domin haruffa huɗun da ke cikin "ɗaki" su ne ke cikin "kiɗa", su ne kuma ke cikin "kaɗi", babu wanda aka ƙara, babu wanda aka rage, amma ba mai ɗaukar ɗayansu a matsayin ɗayan.

Masana ma sun daɗe kafin su yarda da hakan. A shekarun 1820 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Justus von Liebig da Friedrich Wöhler, kowa ya binciki wani gishirin azurfa, sai sakamakon ya nuna cewa azurfa da kabon da naiturojin da oksijin da ke cikinsu daidai suke, alhali na Liebig yana fashewa da ƙarfi, na Wöhler kuwa ba ya fashewa. Da fari an ɗauka ɗayansu ne ya yi kuskure a awo. A 1828 Wöhler ya sake cin karo da irin wannan, lokacin da ya sami yuriya daga amoniyam sayanet, waɗanda su ma ƙidayarsu ɗaya ce. A 1830 Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya raɗa wa al'amarin suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "daidai" da "kashi". Sunan ya riga bayanin zuwa da kusan shekara talatin, domin sai a 1858 Kekulé da Couper suka nuna cewa kabon yana ƙulla huɗu kuma yana iya ƙulluwa da ɗan'uwansa ya yi sarƙa, sannan a 1861 Butlerov na Rasha ya jaddada cewa halin sinadari yana bin yadda atam ɗinsa suka ƙullu da juna. Wannan tarihin yana da amfani a gare mu, domin kalmar Berzelius rabin magana ta faɗa, wato abin da aka yi tarayya a kai, ta bar abin da ya raba. Mu da muke zaɓe a yau muna da damar faɗin duka biyun.

Masu cewa a bar "aisoma" yadda take suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba na son a jefar da ita, tun da ita ɗalibi zai tarar a littattafai da takardun jarrabawa. Matsalarta ita ce ba ta gaya wa kunnen Bahaushe komai, kuma tana da maƙwabciya mai kama da ita a furuci, wato "aisotof", wadda ke magana a kan atam na sinadari guda masu bambancin yawan niyutoron. Duk wanda ya koyar da wannan darasi ya san yadda ɗalibai ke musanya su a rubutu. Ra'ayina shi ne a riƙe "aisoma" a matsayin sunan littafi, a sama mata abokiyar tafiya ta Hausa wadda za a yi bayani da ita.

"Tagwaye" ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa baki, kuma na fahimci abin da ya jawo ta. Sai dai tana da aibi biyu. Na farko, tagwaye biyu ne, alhali C5H12 uku take bayarwa, C6H14 biyar, C7H16 tara, C8H18 goma sha takwas, C10H22 kuwa saba'in da biyar. Ɗalibin da aka koya wa "tagwaye" zai zana biyu ya ajiye alƙalami da zuciya ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muni, tagwaye suna tuna wa mutum kamanni, alhali darasin nan kacokan a kan saɓani yake. "'Yan'uwa" da "dangi" kuma muna bukatarsu a wani wurin: metan da etan da propan da butan su ne dangi, kowane ya fi wanda ya gabace shi da CH2 guda, halinsu yana kama da juna, fomularsu ta bambanta. Wannan kusan kishiyar aisoma ce, don haka bai kamata kalma ɗaya ta ɗauki biyun ba.

Ni "takwara" na zaɓa. A Hausa takwarorin juna mutane ne dabam-dabam, kowa da fuskarsa da halinsa, abin da ya haɗa su shi ne idan aka kira suna guda duk sai su waiwayo, kuma ba a iyakance yawansu ba. Haka lamarin yake a nan: aka kira C5H12, pentan zai amsa, 2-metilbutan zai amsa, 2,2-dimetilpropan ma zai amsa. Kalmar tana da jam'i a shirye, tana karɓar mallaka ba tare da wahala ba, har ana iya cewa "aisobutan takwaran butan ne", kuma tana ba mu "takwarantaka" a madadin sunan al'amarin baki ɗaya. Wani malami ya yi gyara mai kyau, cewa ai waɗannan sinadarai sunayensu sun bambanta, to ta yaya za su zama takwarori? Allah gafarta malam, gyaran yana kan hanya, kuma amsarsa ita ce dole malami ya faɗa ƙarara tun ranar farko cewa a fomular ƙidaya suka yi takwarantaka, sunan da tsarin IUPAC, wato ƙa'idar duniya ta raɗa wa sinadarai suna, ya ba kowanne kuwa shi ne ke bambance shi da sauran. Ba na ganin wannan a matsayin rauni, domin yana tilasta wa ɗalibi ya raba fomular ƙidaya da fomular zane, wanda dama shi ne abin da ake so ya koya.

Rabin kalmar na biyu ya fi wuya, kuma a nan nake roƙon a ɗan yi haƙuri da ni. Aisoma kashi biyu ne manya. A kashi na farko, wanda muke magana a kai, atam ɗin sun ƙullu da maƙwabta dabam. A kashi na biyu, kowane atam yana ƙulle da maƙwabtan da yake da su a ɗaya molekul ɗin, inda suka fuskanta a sarari ne kawai ya bambanta, kamar yadda ake samu a but-2-in, inda rukunin CH3 biyu kan kasance a gefe guda na ƙulli mai ninki biyu ko kuma ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Idan muka ce "takwarorin tsari", ko "na siffa", ko "na ƙira", duk sun haɗiye kashi na biyun, domin su ma tsarinsu da siffarsu sun bambanta. "Gini" ta fi su kusa, amma ita ma tana jan hankali zuwa ga abin da ido ke gani a takarda. Abin da muke nema kalma ce da za ta sa ɗalibi ya yi tambaya guda: wa ke ƙulle da wa? Shi ya sa na tsaya a kan "ƙulli". Bahaushe yana ƙulla igiya, yana ƙulla zumunci, yana ƙulla yarjejeniya, kuma a kowane ɗayansu ana nufin haɗa wannan da wancan haɗin da sai an kwance kafin ya rabu. Cikakken sunan shi ne "takwarori masu saɓanin ƙulli". Ana iya gajarta shi zuwa "takwarorin ƙulli" bayan ɗalibai sun saba, amma kada a fara da gajeren, don wani zai iya fahimtar cewa a ƙullin suka yi tarayya, alhali a nan ne suka rabu.

Amfanin kalmar yana fitowa fili a kuskuren da ya fi yawa a aji. Ɗalibi zai zana kabon biyar a miƙe, sannan ya sake zana su ya lanƙwasa na ƙarshe zuwa ƙasa, ya ƙirga su biyu. Ko ya rataya CH3 a kabon na biyu daga hagu, ya sake rataya shi a na biyu daga dama, ya raɗa wa na biyun suna 3-metilbutan, sunan da ba shi da gurbi tun da juya takardar kawai zai mayar da shi 2-metilbutan. Wanda ke tunani da "siffa" yana da uzuri, domin zanen ya bambanta a ido. Wanda ke tunani da "ƙulli" kuwa zai tambayi kansa ko akwai atam ɗin da aka kwance daga maƙwabcinsa aka ƙulla shi da wani dabam, idan babu, to abu guda ya zana sau biyu.

Daga nan sauran sunayen suna zuwa da sauƙi. Inda kabon ɗin kansu ne suka ƙullu dabam, sai a ce saɓanin sarƙa. Pentan mai miƙaƙƙiyar sarƙa yana tafasa a digiri 36, mai reshe ɗaya a 28, mai reshe biyu a wajen 9.5, kuma dalilin shi ne duk lokacin da rassa suka ƙaru molekul yana dunƙulewa, wurin da yake taɓa 'yan'uwansa ya ragu, jan da ke tsakaninsu ya yi rauni. Irin wannan saɓanin ne ya sa 2,2,4-trimetilpentan, takwaran oktan mai rassa, ya zama abin da ake auna ingancin man fetur da shi aka ba shi lamba 100, alhali miƙaƙƙen oktan yana sa inji ƙwanƙwasa. Inda sarƙar ɗaya ce amma rukunin da ke aiki ya sauya wuri, sai a ce saɓanin mazauni: a C3H8O, idan OH yana kan kabon na gefe an sami propan-1-ol mai tafasa a digiri 97, idan yana kan na tsakiya an sami propan-2-ol mai tafasa a 82, kuma idan aka bi da su da sinadarin da ke ƙara oksijin, na farkon yana zama propanal sannan asid, na biyun yana zama propanon ya tsaya a nan.

Na uku shi ne wanda nake so kowane malami ya daɗe a kansa, wato saɓanin dangi, inda sauya ƙulli ke fitar da sinadari daga danginsa baki ɗaya. C2H6O tana ba da etanol idan oksijin yana tsakanin kabon da haidurojin, tana ba da metoksimetan idan oksijin yana tsakanin kabon biyu. Etanol ruwa ne mai tafasa a digiri 78, domin haidurojin da ke ƙulle da oksijin yana jan oksijin na molekul ɗin da ke kusa, kuma idan aka jefa masa sodiyam yana fitar da iskar haidurojin. Metoksimetan kuwa iskar gas ce da ke tafasa a wajen digiri 24 ƙasa da sifili, sodiyam ba ya yi mata haka. Tazarar ta haura digiri 100 a tsakanin abubuwa biyu masu atam tara iri ɗaya, kuma babu misalin da ya fi wannan nuna cewa "tagwaye" ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba.

Kashi na biyu, na masu ƙulli ɗaya da bambancin inda atam suka dosa, ina karkata ga kiransu "takwarori masu saɓanin fuskanta", amma wannan yana bukatar nasa zaman, don a cikinsa akwai waɗanda ke zaman hoton madubi ga juna da waɗanda ba haka ba. A yanzu abin da nake roƙon malamai shi ne su gwada tambayar a aji da wannan lafazi: "Zana dukkan takwarori masu saɓanin ƙulli na C4H10O, ka faɗi irin saɓanin da ke tsakanin kowane biyu da ka zaɓa." Amsar bakwai ce, huɗu daga dangin alkohol irin su etanol, uku daga dangin eter irin su metoksimetan. A lura da yawan ɗaliban da za su maimaita zane guda sau biyu, da yawan waɗanda za su tuna cewa oksijin yana iya zama a tsakiyar sarƙa, a kawo mana abin da aka gani.