Taƙaitawar Shawarwari Kan Koyon Karanta Bugun Kiɗa Bayan An Girma

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi game da mutumin da ya riga ya girma, wanda ya iya kiɗa da kunne, amma yake son karanta bugu a rubuce.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a fara ajiye abin kiɗan, a riƙa tafi ana ƙidaya da baki, domin yatsun da suka saba sukan riga ido, su buga abin da suka sani maimakon abin da ke kan takarda.

2. A ma'aunin 4/4, wato inda ake ƙidaya bugu huɗu a kowane sashe na rubutaccen kiɗa, cikakkiyar alamar sauti tsawon bugu 4 ce, rabinta bugu 2, rubu'inta bugu 1, ɗigon da ke gefen alama kuwa yana ƙara mata rabin tsawonta. Alamomin shiru ma ana ƙidaya su, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe.

3. Atisayen minti 10 kullum ya fi awa guda a mako.

4. Ra'ayi ya rabu a kan metronom, wato na'urar da ke fitar da bugu a kai a kai da tazara iri ɗaya don mai kiɗa ya bi. Wasu sun ce a saita shi a bugu 60 cikin minti ɗaya tun ranar farko, wasu kuwa suna ganin yana rikita mai koyo, gara ya saba da taka ƙafa tukuna. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na biyu.