Da Jamus ta bi wata hanya a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ga abin da aka tattara daga wata muhawara kan matakan da Jamus ta ɗauka a yaƙin da abin da ya kamata ta yi dabam:

1. Mafi yawa sun yarda kutsen da Jamus ta yi wa Beljiyam a Agustan 1914 ne ya jawo Ingila cikin yaƙin. Da Jamus ta tsare iyakarta da Faransa, sannan ta fuskanci Rasha, da Landan ta rasa hujja. Wasu sun ce ko ba Beljiyam, Ingila ba za ta zuba ido a murƙushe Faransa ba.
2. Saƙon Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus, zuwa Meksiko a 1917, na neman su haɗa kai idan aka shiga yaƙi da Amurka: babu wanda ya kare shi, wauta ce tsagwaronta.
3. An rabu kan matakin Jamus na nutsar da jiragen ruwa ba zaɓe. Wasu sun ce shi ya tunzura Amurka, wasu sun ce takunkumin da Ingila ta ƙaƙaba wa Jamus ta teku ne ya tilasta mata.
4. Kaɗan ne suka ce bayan yarjejeniyar Brest-Litovsk da ta fitar da Rasha daga yaƙin, da sulhu Jamus ta nema a fagen yamma maimakon farmakin da ta kai a can a Maris 1918.