Neman shawara: na'urar kashe ciwo ta lantarki ga gwiwar mahaifiyata

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Umma ce ke fama da ciwon gwiwa, duka biyun, amma ta dama ta fi tsanani. An yi hoto an ce sanyin ƙashi ne na tsufa, guringuntsin ya zaizaye. Yanzu a kan kujera take sallah, abin da ya fi damunta ke nan. Da can diclofenac ake sayo mata a kemis, har ya taɓa mata ciki, likita ya ce gyambon ciki ne, ya hana ta shi da ibuprofen baki ɗaya. Farasitamol kuwa ta ce bai san tana yi ba.

Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu. Babban yayanmu yana Abuja, sai dai ya turo kuɗi ya bugo waya. Na biyun suna gida ɗaya da ita, amma matarsa ko ruwan zafi ba ta ɗora mata sai an yi magana, kuma in na yi magana a ce na shigo raba gida. Ni ce zan tashi daga makaranta in hau adaidaita in je in gasa mata ƙafa, in dawo in tarar da yarana ba su ci abinci ba, maigida yana ɓacin rai. Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta nuna min wata 'yar na'ura mai batir, TENS ake ce mata, mai waya da faci guda huɗu da ake mannawa a fata. Da kuɗin adashina na saya. Na manna wa Umma, ta ce tana jin yar-yar, ciwon ya lafa, har ta samu barci. Amma da an cire, ba a daɗewa yake dawowa. Babban yaya da ya ji sai ya hau faɗa, wai ina sa wa uwarsa wutar lantarki. In ci gaba ne ko in bari? Wallahi na rasa yadda zan yi.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya saka miki da alheri. Maganar matar yaya kuwa kada ma ki fara. Ni surukata na yi wa jinya har ta koma ga Allah, 'ya'yanta mata ba wadda ta kwana ko sau ɗaya, amma ranar rabon gado su ne a sahun gaba.

Malam Na-Zariya: Baiwar Allah, ci gaba da abinki, yayanki bai san na'urar ba ne. Na daɗe ina amfani da ita saboda bayana. Ba wutar soket ba ce take shiga jiki, ɗan ƙaramin lantarki ne daga batir. In kin bugu da bango, me kike fara yi? Murza wurin. To saƙon murzawar nan yana rige saƙon ciwo wucewa ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, sai zafin ya ragu. Wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, su suka fito da wannan bayani a 1965, kuma a kansa aka gina na'urar. Shi ya sa da an cire ciwon ke dawowa. Ba ta gyara guringuntsi, sauƙi take kawowa. Ki sa faci ɗaya kowane gefe na gwiwar, kada su taɓa juna, ki riƙa ƙara ƙarfin a hankali har ta ji shi sosai amma ba zafi. In taki tana da lambobin saurin bugun lantarkin (Hz, ba na ƙarfi ba), ki fara da wajen 100. Minti 30 ya isa, a huta, a sake.

Hajiya Kaka: Ni dai ban yarda da sa wa tsohuwa lantarki ba. Ki samu man kaɗanya da man zaitun ki riƙa shafa mata da ɗumi, a kuma yi mata ƙaho. Iyayenmu da wannan suka rayu.

Malam Na-Zariya: Hajiya, shafa mai ba laifi, amma kada a shafa kafin a manna facin, ba zai kama ba. Fata ta zama a wanke, a bushe.

Ummu Aisha: 'Yar'uwa, ni a sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma akwai abin da ba ki faɗa ba. Umma tana da ciwon suga? An taɓa dasa mata batirin zuciya? Tana da farfaɗiya? Mai batirin zuciya ba ya kusantar wannan na'ura, mai farfaɗiya da mai juna biyu sai da izinin likita. Ba a manna ta a gaban wuya, ko kai, ko kusa da ido, ko kan rauni, ko inda fata ba ta jin taɓi. Kuma kin ce har ta samu barci. Da na'urar a jikinta take kwana?

Mai tambaya: Ba ta da batirin zuciya. Suga kam akwai, an daɗe, tana shan magani. Tafin ƙafarta ne take cewa wani lokaci yana yi kamar ba nata ba, amma ai ni a gwiwa nake mannawa. Barcin kuma, in ban bar mata ba wa zai tashi ya kunna mata da dare? Ba a gidan nake kwana ba.

Ummu Aisha: To nan ne matsalar. Suga yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, kuma ba lallai ya tsaya a tafi ba. In fatar ba ta ji sosai, za ki yi ta ƙara ƙarfi ita ba ta ce komai ba, fata ta ɓaci, ga mai suga rauni ba ya warkewa da wuri. Ki daina barin ta kwana da ita. A kai ta a gwada jin ƙafar tukuna. Sannan gaskiya, hukumar NICE ta Ingila, wadda ke tsara wa likitocinsu ƙa'idojin magani, a 2022 ta ce kada a riƙa ba masu sanyin ƙashi wannan na'ura, domin hujjar amfaninta ba ta isa ba. Abin da ta sa a gaba shi ne motsa jiki na ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba. Akwai kuma maganin shafawa, ki tambayi likitanta ko ya dace da ita.

Malam Na-Zariya: Ummu Aisha, maganar suga na yarda. Amma maganar Ingila, su suna da zaɓi. A can in abin ya yi tsanani sai a canja wa mutum gwiwa. Mu nan wa zai biya? Tsohuwa ta ce ciwo ya lafa, sai a ce mata takarda ta ce bai lafa ba? In aka ƙwace na'urar, kemis za a koma, wani ya ba ta tramadol, mun kuma ga abin da tramadol ya yi wa mutane a Arewa. Baiwar Allah ki ci gaba, ki dai riƙa duba fatar.

Baban Walid: Ni tambayata, ina kika saya? Na sayi wata ta intanet, wai tana maganin hawan jini da shanyewar jiki, mako bai cika ba ta mutu, mai sayarwar ya toshe ni. Tun daga nan ba na sayen kayan lafiya sai na ga lambar NAFDAC.

Mai tambaya: A shagon kayan asibiti na saya, ba a hanya ba. Ummu Aisha na gode, amma motsa jikin nan an taɓa rubuta mata. Wa zai riƙa kai ta? Asibitin Ƙashi na Dala ba kusa da mu yake ba, ni kuma ina aji har azahar. Duk wanda ke cewa a kai ta asibiti bai san gidanmu ba. Fatar ta ɗan yi ja inda nake mannawa, amma ina ganin facin ne ya tsufa.

Ummu Aisha: Ja ɗin yana bajewa bayan an cire ko yana kwana? Wannan nake so ki amsa min. Motsa jikin kuma sau ɗaya za a koya mata, sauran a gida ne, tana zaune ma za ta iya.

Malam Na-Zariya: Facin ne. In ya daina kamawa da kyau lantarkin sai ya taru wuri ɗaya. Ki sayo sabo, ki riƙa ɗan sauya wurin da kike mannawa.

Maman Biyu: Ki bar yayan naki ya zo ya kai ta asibitin da kansa, tunda ya iya faɗa a waya.

Mai tambaya: Ya ce zai shigo ranar Juma'a. Ni dai ba zan iya kallonta tana kuka da dare ba alhali abin da ke kawo mata sauƙi yana cikin jakata.

Hajiya Kaka: Malam Na-Zariya, shin tana yi wa ciwon kafaɗa? Maigidana ne, amma shi yana da hawan jini.