Neman kalmar Hausa: null da Option

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi kan tsara laburaren manhaja, wato tarin shiryayyun ayyuka da masu rubuta manhaja ke amfani da su, ranar Alhamis zan miƙa shi, ga kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko null, wadda masanin kwamfuta Tony Hoare ya shigar cikin harshen rubuta manhaja na ALGOL W a 1965, a 2009 kuma ya kira ta kuskuren dala biliyan ɗaya, domin manhaja takan kai hannu wurin da take zaton akwai abu, ta tarar babu, ta tsaya cak. Ta biyu Option na harshen Rust, hanyar nuna cewa za a iya samun abu ko a rasa, wanda harshen Haskell ke kira Maybe, harshen Java kuma ya kawo a 2014 da sunan Optional.

Malamin lissafi: Wa'alaikumus salam. Don Allah kada a ce sifili. Sifili adadi ne: mai sifili a asusu yana da asusu, wanda aka tarar da null a gurbinsa kuwa ba a ma san ko yana da shi ba. A ce babu.

Injiniya: Na amince, Malam. Option kuwa a ce ƙunshi. Aikin da ke nemo suna a rumbun bayanai ƙunshi yake miƙowa, kuma Rust ba ya barin a taɓa abin ciki sai an kwance. Idan da umarnin match aka kwance, tilas a tanadi abin yi ko an samu ko ba a samu ba.

Malamin Hausa: Malama, jerin abubuwa ma ƙunshi ne, to ina shakkar samu ko rashi take? “Wataƙila” ita ce kalmar da ta dace.

Dattijo: Kalmar “ƙila” daga Larabci ta zo. Na daɗe ina koyar da akwai-babu, tsantsar Hausa. Abin yana ci mini rai, a ce kullum sai mun yi aro kafin a ɗauke mu masana.

Malamin Hausa: Baba, kalmar da kakanninmu suka furta ta zama tamu. Akwai-babu kuma kunne zai ji ta kamar ana cewa babun ce ke nan.

Mai fassara: Na gode. Zan rubuta babu, sannan ƙunshin wataƙila, mai fuska biyu: akwai da babu.

Dattijo: Ya yi tsawo, ɗana, ban kuma gamsu ba. Amma tunda akwai da babu sun shiga, miƙa aikinka.