Damina ce ta canza, ko gona ce ta gaji?

Dattijo daga Sandamu: Salamu alaikum. Kullum rediyo sai maganar sauyin yanayi, ni kam ban yarda ba. Farin 1973 da idona na gan shi, na 1984 ma haka, rumbuna suka ƙare tas. A lokacin wa ya ce yanayi ya sauya? Gona ce ta gaji. Mun daina hutar da ita, mun sare itatuwa mun yi gawayi.

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Kun faɗi gaskiya, amma da saura. Bayan waɗancan shekarun ruwan ma ya ɗan farfaɗo, zuwansa ne ya rikice. Ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke sati biyu ko uku, gero ya ƙone tun yana tsiro. Ranar da ya dawo kuma kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe taki ya bar zaizaya. Ku tuna ambaliyar Jibiya a Yulin 2018, dare ɗaya aka yi asarar rayuka da gidaje.

Ɗalibi daga Daura: Baba, hayaƙin fetur da kwal ne ke ɗumama duniya, ita kuwa iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa take juye shi lokaci guda. Galibin hayaƙin ma ba namu ba ne.

Manomi daga Mai'adua: Ruwa dai na Allah ne, ɗana.

Ɗalibi: Ba musu, Kawu. Amma ku da kanku kun koma gero ɗan sauri irin Sosat. Me ya sa?

Manomi daga Mai'adua: Don bara sau uku na yi shuka. Binnen farko yayyafi ya tsirar da shi, rana ta kashe.

Hajiya mai kiwo: To ni a nan nake da magana. NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina duk shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai tsaya. Wa ke kawo mana shi ƙauye? Sai a yi taro a otal cikin birni, da Turanci, a ɗauki hoto a watse. Ku kawo shi kasuwa da masallacin Juma'a, Malam, cikin Hausa, kafin mutum ya zuba irinsa na ƙarshe.

Malamin gona: Na karɓi wannan, Hajiya, ba ni da amsa.

Dattijo: Ni dai ku je gonata ku duba ƙarƙashin gawo biyun da mahaifina ya bari. Da damina yake zubar da ganye, geron wurin ya fi ko'ina zangarniya. Mutanen Maraɗi ba dashe suka yi ba, kututture suka riƙa bari ya tofo lokacin sassabe, gonakinsu suka cika da itace.

Malamin gona: Ai shi nake roƙon mutane kullum, Baba. Amma gawon ba zai hana ruwa ɗaukewa ba.

Dattijo: Ban ce zai hana ba. Ka zo ranar Asabar da ɗalibin naka.