Yini ɗaya a Istanbul da yara ƙanana da tsofaffi: yaya za mu tsara shi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda za mu je Istanbul a watan Yuli, kuma yini ɗaya tak muka ware don zaga gari. Mu bakwai ne: ni da maigida, yara uku (shekara 7, shekara 4, da mai wata 14), sai Baba da Hajiya, iyayen maigidan. Baba yana da ciwon suga, Hajiya kuma gwiwa ce ke damunta, amma tana takawa. Masaukinmu a unguwar Sultanahmet yake, cikin tsohon garin. Abin da muka lissafa: Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmed, fadar Topkapi, babbar kasuwa, hasumiyar Galata da shiga jirgin ruwa. Zai yiwu a yini guda? Kuma mu ɗauki keken tura yaro ko goyo ya isa?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ga matasa biyu marasa kaya zai yiwu, amma ba ga wannan ayarin ba. Ku soke uku daga cikin shida tun daga gida. Galata a kan tudu take, hawan daga unguwar Karakoy da ke ƙasanta yana da tsauri, gwiwar Hajiya ba za ta yafe muku ba. Babbar kasuwa tana da shaguna wajen 4,000 da lunguna fiye da 60, duk kama ɗaya suke, nan ne ɗan shekara 4 ke ɓacewa cikin ƙiftawar ido. Ranar Lahadi ma a rufe take. Topkapi kuwa ita kaɗai rabin yini ce.

Ku fita ƙarfe 8:30 bayan kowa ya karya sosai. Ku fara da masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya shida, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Rabin awa ya isa. Daga nan zuwa Aya Sofiya tafiyar minti biyar ce a fili shimfiɗaɗɗe, da bencina da bishiyoyi a tsakani, sai ku zauna minti goma ko da ba wanda ya ce ya gaji. Tsoho ba ya faɗi, sai dai ki ga ya fara ja baya.

A lura da Aya Sofiya. An gina ta a 537, ta koma masallaci a 2020, kuma tun farkon 2024 aka raba shiga: baƙi masu kallo suna yankan tikiti su hau bene, ƙasa kuma ta masu sallah ce. Bene da wannan gwiwar ba dabara ba ce. Gara ku daidaita zuwanku da azahar, wadda a Istanbul wajen ƙarfe 1 take shiga, ku yi sallah a ƙasa, dattawa su kalli cikin ginin a zaune. Daga 1:30 zuwa 4 kowa ya koma ɗaki: abinci, wanka, barci. Wannan hutun shi ne kan gaba a tsarin, kada a taɓa shi. Da la'asar sakaliya ku hau jirgin kan titi mai lamba T1 daga Sultanahmet zuwa Eminonu, tasha uku ce, ku shiga jirgin ruwan da ke zuwa unguwar Uskudar a ƙetaren ruwa. Kamar kwata ne ƙetarawar, kowa a zaune, iska na kaɗawa, ga masallatai da fadoji ta kowane ɓangare, kuma kun taka ɓangaren Asiya. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, babu abin da ke korar ku.

Ummu Sa'ad:
'Yar'uwa, ki ɗauki duka biyun, keke da zanen goyo. Keken ya zama marar nauyi, mai naɗewa da hannu ɗaya. Titunan tsohon garin daɓen duwatsu ne, ƙananan tayoyi suna maƙalewa a tsakaninsu, in kin loda jaka a hannun keken kuma da zarar an ciro yaro sai ya kife baya. Kaya masu nauyi a kwandon ƙasa za su zauna. Cikin masallaci ana cire takalmi, a kan darduma goyo ne zai yi miki aiki. Ki sa wa kowa takalmin da ake zurawa ba sai an ɗaure igiya ba, ki riƙe leda biyu ta zuba su, domin mutum bakwai suna kwance igiya a bakin ƙofa alhali layi na turowa daga baya, nan rai ke fara ɓaci.

Jakar yini: famfas biyar, kayan canji ɗaya ga kowane yaro, hula, tsumman goge jiki mai jiƙa, gorar ruwa ga kowa, da abin taunawa marar narkewa a zafi. Banɗaki akwai a harabar kusan kowane babban masallaci, sai dai da yawa na tsuguno ne, wasu kuma sai an sauka matakala. Saboda Hajiya, duk inda kuka zauna cin abinci ko shan shayi ku tambayi na zama, kowa ya shiga ko bai matsu ba.

Sai maganar T1, wadda mutane ke rainawa. Ku sayi Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin shiga, a injin da ke tashar, kati ɗaya yana yi wa mutum fiye da ɗaya, sai a ɗora shi sau adadin masu wucewa, kuma shi ne dai na jirgin ruwan. Jirgin T1 ba shi da matakala, keke yana shiga, amma yana cika maƙil kuma ƙofa ba ta jira. Babba ɗaya ya fara shiga da yara, dattawa a tsakiya, babba na biyu ya rufe baya. Ku yi yarjejeniya tun a ɗaki: in ƙofa ta raba ku, waɗanda ke ciki su sauka a tasha ta gaba su tsaya cak. Ki ɗauki hoton yaran da safe cikin kayan da suka sa, ki zura katin otal da lambar wayarki a aljihun kowanne. Kuma garin cike yake da kyanwoyi, ki hana ƙaramar jan wutsiya.

Malam Ɗanjuma:
Abu Yasir, ban yarda da cire Topkapi gaba ɗaya ba. Dattawa ba kubba da ado suka fi so su gani ba. A farfajiya ta uku ta fadar ne ɗakin amanoni yake, inda aka ajiye kayan da ake jingina wa Annabi (SAW) da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a ciki. Baba ya ji labarin wannan bayan an dawo gida, ai akwai magana.

Mafita ita ce a rabu gida biyu na awa ɗaya da rabi. Maigida ya shiga da iyayensa da zarar an buɗe ƙarfe 9, su wuce farfajiya ta ɗaya da ta biyu ba tsayawa, su nufi ɗakin amanoni kafin layi ya yi tsawo, su bar sashen matan fada don matakalarsa da lungunansa. Ke kuma ki gangara da yara lambun Gulhane da ke ƙasan fadar, akwai inuwa da wurin wasa. Ranar Talata dai fadar a rufe take.

Anti Nas:
Game da Baba. Tafiya mai yawa tana sauke suga, musamman ga mai allurar insulin ko ƙwayoyin da ke sauke shi da ƙarfi, balle in abinci ya yi jinkiri saboda layi. Na'urar awon ta kasance a jakar hannu, ba a akwati ba. Ya auna kafin fita da kuma kafin azahar. In ya fara rawar jiki, gumi mai sanyi ko magana na harɗewa, a zaunar da shi a ba shi suga kamar giram 15, wato rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi ko ƙwayar gulukos huɗu (ba ƙwayar maganin suga ba), a jira minti 15 a sake aunawa. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kira lambar agajin gaggawa, 112. Insulin kada ta zauna a rana ko aljihun keke, zafi yana kashe ƙarfinta. Kada ya sa sabon takalmi ranar, kuma ya sa safa mai kauri, domin daɓen harabar masallaci yana ɗaukar zafi da rana, mai suga kuwa ƙafarsa kan ƙone bai ji ba. Kantin magani a can Eczane ake rubutawa a jikinsa.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, na soke Galata da babbar kasuwa. Yanzu na duba, ashe ranar ta faɗo Juma'a. Hakan zai ɓata tsarin?

Abu Yasir:
Zai juya shi dai. Ranar Juma'a ba a barin masu kallo shiga masallacin Sultan Ahmed sai an sauko, don haka shawarar Malam Ɗanjuma ce za ta ci safiyar: Topkapi da Gulhane daga 9 zuwa 10:30, ku koma ɗaki kowa ya huta ya yi alwala a can. Maza su isa masallaci awa guda kafin sallah in suna son wuri a ciki, in ba haka ba a harabar za su tsaya cikin rana. Ke da Hajiya da yara ku bari sai cunkoson ya watse, wajen 3, sannan ku shiga a natse. Ku sa dogon dutsen nan na Misira da ke filin gefen masallacin ya zama mahaɗa, daga nesa ake hango shi. In tsaraba ce ta sa kika sa babbar kasuwa a lissafi, kasuwar kayan ƙamshi tana nan Eminonu daura da tashar jirgin ruwa, ƙarama ce, minti 20 kun ratsa ta kafin ku shiga jirgi.