Taƙaitawa: yadda tsarin baƙo zai aika umarni ga mai masaukinsa

Ƴan uwa masu harhaɗa manhaja na Maradi, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan tsarin sarrafa kwamfuta da ke gudana a matsayin baƙo cikin wata na'ura, ƙarƙashin manhajar da ke kula da shi, wato mai masauki.

1. Kowa ya yarda cewa kada a bar kowace manhaja ta kira mai masauki kai tsaye. Umarnin ya bi ta ƙwayar tsarin baƙon (kernel, wato jigon tsarin da ke hulɗa da na'ura), domin ita ce za ta tantance mai izini, kuma ita ta san bambancin umarnin da kowace irin na'ura ke kiran mai masauki da shi: Intel na amfani da VMCALL, AMD da VMMCALL, ARM kuma da HVC.

2. An kuma amince cewa mai masauki ya binciki duk abin da baƙo ya turo, musamman adireshin ma'ajiya da tsawon saƙo, tun da ta nan ne ɓarna take shigowa.

3. Inda aka rabu shi ne hanyar. Wasu suna son kira na musamman irin na manhajar masauki ta Xen, saboda gajarta. Mafi yawa sun zaɓi virtio, tsarin musayar saƙo tsakanin baƙo da mai masauki wanda manhajar masauki ta KVM ke amfani da shi, domin yana tara buƙatu a layi kafin ya sanar da mai masauki, kuma kowace fita daga baƙo zuwa mai masauki tana cin lokaci. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, sai dai ga umarni ƙanana da ba a yawan aikawa.

4. Kowane umarni ya ɗauki lambar siga, don kada sabuntawa ta karya tsofaffin baƙi.